Takardar 1099-G: Yadda Ake Bayyana Kuɗin Gwamnati a Fom ɗin Harajin Amurka

Takardar 1099-G ita ce wadda hukumomin gwamnati a Amurka ke bai wa duk wanda suka biya wasu nau'ukan kuɗi a cikin shekara, kuma kwafinta guda yana tafiya kai tsaye ga hukumar tattara haraji ta tarayya, wato IRS. Ƙa'ida ita ce a fitar da takardar zuwa ranar 31 ga Janairu, domin mai ita ya duba ta wajen cike fom ɗin harajinsa na shekara, mai lamba 1040, wanda ake miƙawa zuwa 15 ga Afrilu. Kuɗi iri biyu ne suka fi bayyana a cikinta: rarar harajin da jiha ta maido wa mutum, da tallafin da aka ba shi sa'ad da ya rasa aiki. Takarda ɗaya ce ta ɗauko su, amma hukuncinsu ya sha bamban. Tallafin rashin aiki, harajin tarayya yana hawa kansa gaba ɗaya. Rarar haraji kuwa, mafi yawan jama'a ko sisi ba sa biya a kanta, kuma abin da ke raba gardama shi ne yadda mutum ya cike fom ɗinsa na bara.

Inda rarar take fitowa

A Amurka harajin kuɗin shiga hawa biyu ne, wani wurin ma uku. Gwamnatin tarayya tana karɓar nata tun 1913, shekarar da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar gyara na 16. Yawancin jihohi suna karɓar nasu daban, kowace da dokarta da fom ɗinta, sannan wasu birane, irin su Niyu Yok, su ɗora nasu a sama. Ma'aikacin asibiti ko na kanti da ke zaune a Bronx, inda akwai Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya da dama, hukumomi uku ne ke da rabo a guminsa. Ɗan'uwansa da ke Tekzas ko Fulorida tarayya kaɗai yake bai wa, domin jihohi tara ba sa taɓa albashi, saboda haka batun rarar harajin jiha bai ma shafe shi ba. Wannan tsari baƙo ne ga wanda ya saba da Kano ko Kaduna, inda harajin albashin ma'aikaci ke tafiya ga hukumar harajin jiha kaɗai.

Tun 1943 ake cire harajin tarayya daga albashi kafin ya shiga hannun ma'aikaci, jihohi ma daga baya suka bi sahu. Cirewar bisa kirdado ake yin ta, sai shekara ta ƙare a zauna a yi lissafi na gaskiya. Wanda aka cire masa ƙasa da abin da ke kansa ya cika, wanda aka cire masa fiye da kima a maido masa da rarar. Rarar nan tamkar canji ce da mai kanti ya miƙo wa wanda ya ba da kuɗi fiye da farashi, kuɗinsa ne suka dawo, babu wata riba da ya ci. Shi ya sa rarar da tarayya ta maido ba a lissafa ta a cikin kuɗin shiga ko kaɗan, sai dai idan an haɗo ta da kuɗin ruwa saboda jinkiri, wanda shi kam haraji yana hawa kansa, kuma da wata takarda yake zuwa, mai lamba 1099-INT.

Da haka lamarin yake ga rarar jiha ma, da babu wata magana. Abin da ya sa ta fita daban shi ne dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗebe harajin da ya biya jiha daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa masa harajin tarayya. Idan ya ɗebe dala 7,000 a bara, sai bana jiha ta maido masa da 1,200, to ashe 5,800 kaɗai ya biya, kuma ya ci rangwame a kan kuɗin da bai kashe ba. Ba a sa shi ya koma ya gyara fom ɗin bara. Abin da ake yi shi ne a ƙara wannan 1,200 a kan kuɗin shigarsa na shekarar da suka dawo hannunsa. Sashe na 111 na kundin dokokin harajin tarayya ne ya sa iyaka ga wannan: abin da ya dawo ana lissafa shi ne kawai gwargwadon yadda ɗebe shi ya rage wa mutum haraji a baya.

Rangwame iri biyu

Kusan kowane mai cike fom yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ɗauki rangwamen bai-ɗaya, wato ƙayyadadden adadi da doka ta yafe wa kowa ba tare da an nemi rasit ba, ko kuma ya bi hanyar dalla-dalla, ya jero abubuwan da doka ta yarda a ɗebe a shafin ƙari mai suna Schedule A. Cikinsu akwai harajin jiha da na birni, da harajin gida, da kuɗin ruwan bashin sayen gida, da wani kaso na kuɗin asibiti, da sadakar da aka bai wa ƙungiyoyin da doka ta amince da su. Sadaka ko zakkar da aka bai wa masallaci a Amurka tana iya shiga, amma kuɗin da aka aika wa iyaye ko dangi a gida ba sa shiga, komai yawansu. Mutum yana zaɓar wanda ya fi tsoka cikin biyun.

Rangwamen bai-ɗaya na shekarar 2024 dala 14,600 ne ga wanda ya cike fom shi kaɗai, 29,200 kuma ga ma'auratan da suka cike tare. A 2025 ya tashi zuwa 15,750 da 31,500. Wanda ya ɗauki wannan rangwame bai ɗebe harajin jiha a ko'ina ba, don haka rarar da ta dawo masa ba ta cikin lissafi. Takardar 1099-G tana iya zuwa masa ɗauke da adadin a gurbi na 2, domin ita jiha ba lallai ne ta san hanyar da ya bi a fom ɗin tarayya ba, amma ajiye ta kawai zai yi, ba zai rubuta komai ba. Kusan tara cikin goma na masu cike fom a nan suke. Mutane da yawa suna asarar kuɗi a wannan gaɓa ba gaira ba dalili, don sun ga takardar hukuma ɗauke da adadi sun ɗauka dole ne a ƙara shi.

Ga wanda ya bi hanyar dalla-dalla, lissafi ake yi. A ɗauki misalin wani da ya cike fom shi kaɗai a 2024, ya jero harajin jiha dala 7,000, harajin gida 2,000, kuɗin ruwan bashin gida 6,500, sadaka 1,000, jimla 16,500. Ya zarce rangwamen bai-ɗaya da 1,900. Idan jiha ta maido masa da 1,200 a 2025, duka za a ƙara a kuɗin shigarsa, domin ko da ya rubuta adadin gaskiya tun farko, jimlarsa 15,300 za ta kasance, har yanzu tana sama da 14,600, ke nan kowace dala cikin 1,200 ɗin nan ta yi masa amfani. Idan kuwa 2,500 aka maido, 1,900 kaɗai za a lissafa. Dalili kuwa shi ne da ya san gaskiyar adadin, da jimlarsa ta faɗo zuwa 14,000, da kuma ya koma ga rangwamen bai-ɗaya, saboda haka iyakar ribar da ya ci ita ce tazarar nan ta 1,900.

Abin da ya fito daga wannan lissafi ana rubuta shi a layi na 1 na shafin ƙari mai suna Schedule 1, daga nan ya shiga jimlar kuɗin shiga. Littafin umarnin fom 1040 yana ɗauke da jadawalin da ake bi mataki-mataki, manhajojin cike haraji ma suna yin lissafin idan an ba su alƙaluman bara. A lura cewa ƙara 1,200 a kuɗin shiga ba yana nufin biyan 1,200 ba. Ga wanda harajinsa ke matakin kashi 22 cikin ɗari, dala 264 ne za su ƙaru a kansa.

Rufin da aka sa wa ɗebe harajin jiha

Kafin 2018 babu iyaka ga yawan harajin jiha da mutum zai ɗebe, rangwamen bai-ɗaya kuma bai taka kara ya karya ba, dala 6,350 ne ga mutum ɗaya a 2017. Wajen kashi uku cikin goma na masu cike fom suna bin hanyar dalla-dalla a lokacin. Dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a Disamba 2017 ta sauya abubuwan biyu lokaci guda: ta ɗaga rangwamen bai-ɗaya zuwa 12,000, ta kuma ce jimlar harajin jiha da na birni da na gida da za a ɗebe ba za ta wuce dala 10,000 ba. Mazauna jihohi masu tsadar haraji, irin su Niyu Yok da Niyu Jasi da Kalifoniya, su suka fi jin jiki, wakilansu a majalisa kuma suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru.

Rufin ya haifar da wani sakamako a kan rarar haraji, wanda IRS ta fayyace a wani hukunci da ta fitar a 2019. Wanda ya biya jiha da birni dala 13,000 a 2024, 10,000 kaɗai aka bari ya ɗebe. Idan an maido masa da 2,000, abin da ya biya a zahiri 11,000 ne, har yanzu sama da rufin, saboda haka rarar ba ta rage masa komai ba a bara, ba za a lissafa ta ba a bana. Idan 4,000 aka maido, gaskiyar abin da ya biya 9,000 ke nan, ya ci rangwamen 1,000 fiye da haƙƙinsa, wannan 1,000 ɗin ne zai shiga lissafi, muddin sauran abubuwan da ya jero sun riƙe shi sama da rangwamen bai-ɗaya.

A Yuli 2025 wata sabuwar doka ta ɗaga rufin zuwa dala 40,000, tare da rage shi sannu a hankali ga masu samun fiye da 500,000 a shekara. Zai riƙa ƙaruwa da kashi 1 cikin ɗari har zuwa 2029, sannan ya koma 10,000 a 2030. Abin da wannan ke nufi shi ne mutane da yawa da suka manta da batun rarar jiha tun 2018 za su sake cin karo da shi, musamman masu gidaje a jihohi masu tsada. Wanda ya saba jefa takardar a aljihun tebur ba tare da ya duba ba, dalilin da ya sa hakan ya yi masa daidai a baya yana iya kaucewa.

Akwai wasu ƙananan ƙa'idoji da ke tafiya tare da wannan. Doka ta ba mutum zaɓi tsakanin ɗebe harajin kuɗin shiga na jiha da ɗebe harajin sayayya, ba a haɗa biyun; wanda ya zaɓi na sayayya, rarar harajin kuɗin shiga ba ta shiga lissafinsa. Sannan ba sai kuɗin sun shiga asusun mutum ba kafin a ɗauke su a matsayin rarar da ta dawo. Idan ya ce a tura su gaba a kan harajin baɗi, ko jiha ta riƙe su don biyan wani bashi da ke kansa, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta ɗora masa, a idon doka ya karɓa. Gurbi na 3 yana nuna shekarar da rarar ta shafa, kuma fom ɗin wannan shekara ake dubawa, ko da shekara uku ta wuce.

Ɗalibai da sauran baƙi da doka ba ta ɗauke su mazauna ƙasa ba ta fuskar haraji suna cike wani fom daban, mai lamba 1040-NR, kuma ba su da haƙƙin rangwamen bai-ɗaya. Ɗaliban Indiya ne suka samu togaciya saboda yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsu da Amurka. Nijeriya da Nijar da Gana ba su da irin wannan yarjejeniya. Ɗalibin da ya zo daga Zariya ko Damagaram yana aikin taimaka wa malami a jami'a yakan ɗebe harajin jiha ne dalla-dalla, don ita ce hanyar da ke buɗe gare shi. Saboda haka rarar da ta dawo masa, ko ba ta da yawa, galibi tana shiga lissafinsa, alhali abokin karatunsa Ba'amurke da ya karɓi adadi iri ɗaya ba ya rubuta komai.

Tallafin rashin aiki

Gurbi na 1 shi ne na kuɗin da jiha ta biya wanda ya rasa aikinsa, kuma a nan babu dogon lissafi. Ana ɗaukar adadin a rubuta a layi na 7 na Schedule 1. Da can wannan tallafi ba shi da haraji. An fara ɗora wa wani ɓangarensa a 1979, dokar gyaran haraji ta 1986 kuma ta sa aka ɗora wa dukkansa daga 1987. Majalisa ta yi sassauci sau biyu a lokutan matsi: an yafe dala 2,400 na farko a 2009, an kuma yafe 10,200 na shekarar 2020 ga waɗanda kuɗin shigarsu bai kai 150,000 ba. Duka biyun na shekara ɗaya ɗaya ne, sun wuce.

Matsalar da ta fi damun mutane ita ce ba a cire haraji daga tallafin sai mutum ya nema da kansa. Yana iya cike fom W-4V, ko wanda jiharsa ta tanada, ya ce a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari, abin da aka cire kuma zai bayyana a gurbi na 4 a lissafa masa shi cikin abin da ya riga ya biya. Wanda ba shi da aiki, ga kuɗin haya ga abinci, da wuya ya yarda a rage masa ko dala ɗaya, sai Afrilu ya zo ya tarar da bashi. An ga wannan ƙarara bayan ɓarkewar annobar korona, lokacin da dokar Maris 2020 ta ƙara dala 600 a kowane mako a kan tallafin jiha, ta kuma buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, irin su direbobin Uber da masu kai saƙo, waɗanda a da ba su cancanta ba. Jihohi kuwa kowace da nata ra'ayin: Kalifoniya da Niyu Jasi da Fensilbaniya ba sa karɓar harajinsu a kan wannan tallafi, Niyu Yok tana karɓa.

Lokacin annobar ne kuma 'yan damfara suka yi ta neman tallafi da sunayen mutane da lambobinsu na sata. A farkon 2021 mutane da dama da ba su taɓa barin aiki ba suka samu takardar 1099-G tana cewa sun karɓi dubban daloli. Umarnin IRS a kan haka shi ne mutum ya kai rahoto ga hukumar jihar da ta fitar da takardar, ya nemi a ba shi gyararriya, sannan ya cike fom ɗinsa da abin da ya samu na gaskiya kaɗai, ko da gyarar ba ta iso ba. Hukumar tana kuma bayar da lambar sirri mai alƙaluma 6, wadda ake sabuntawa kowace shekara, domin hana wani cike fom da sunan mai ita.

Sauran guraben, da kuɗin da ba su da haraji

Gurbi na 6 na tallafin da gwamnati ke bayarwa ne wanda haraji ke hawa kansa, kamar wasu kuɗaɗen da aka raba wa ƙananan 'yan kasuwa. Gurbi na 7 na manoma ne da ke karɓar tallafi daga ma'aikatar aikin gona ta tarayya, su kuma a Schedule F suke rubutawa tare da sauran kuɗin gona. Fanshon gwamnati na tsofaffi ba ya zuwa a wannan takarda, yana da tasa mai lamba SSA-1099, kuma har kashi 85 cikin ɗari na kuɗin yana iya shiga lissafi, gwargwadon sauran abin da mutum ke samu.

Taimakon da ake bai wa mabuƙata don buƙatarsu, kamar tallafin sayen abinci na shirin SNAP, ba shi da haraji. Haka kuɗin agajin korona da tarayya ta raba sau uku, dala 1,200 da 600 da 1,400. Inda aka samu ruɗani shi ne kuɗaɗen da jihohi da dama suka raba wa jama'arsu a 2022, wasu don rage raɗaɗin tsadar kaya, wasu don baitulmalinsu ya yi rara. Kalifoniya, alal misali, ta raba tsakanin dala 200 zuwa 1,050. Ana tsakiyar lokacin cike fom, a farkon Fabrairu 2023, IRS ta ce wa waɗanda suka karɓa su dakata tukuna, sai ranar 10 ga wata ta yanke hukunci a kan jihohi 21. A 17 daga ciki ta ce ba sai an rubuta kuɗin ba. A sauran 4, wato Jojiya da Masacusets da Karolina ta Kudu da Bajiniya, ta ɗauke su a matsayin rarar haraji, aka bi da su ta ƙa'idar da aka bayyana a sama. Alaska ta nuna yadda kuɗi ɗaya ke iya rabuwa gida biyu. Jihar tana raba wa mazaunanta ribar asusun man fetur kowace shekara, kuma harajin tarayya yana hawa kanta. A 2022 an biya dala 3,284, amma 662 daga ciki agajin tsadar makamashi ne, aka cire su daga lissafi.

Idan an manta ko an yi kuskure

Kwamfutocin IRS suna gwada abin da mutum ya rubuta da kwafin takardun da hukumomi suka aiko. Idan adadi ya ɓace, wasiƙa mai lamba CP2000 tana zuwa, sau da yawa bayan shekara guda ko fiye, ɗauke da ƙarin harajin da hukumar ke ganin ya kamata a biya, da kuɗin ruwa, wani lokaci har da tarar kashi 20 cikin ɗari idan giɓin ya yi girma. Wasiƙar ba hukuncin ƙarshe ba ce. Akwai kwana 30 na amsawa, ko 60 ga wanda ke wajen ƙasa, kuma mutum yana iya ƙin yarda ya kawo hujjarsa. Wanda ya gano kuskurensa da kansa yana gyarawa da fom 1040-X. Haka ma wanda ya biya haraji a kan rarar da ba ta cancanci haraji ba, yana da shekara uku daga ranar da ya miƙa fom ɗin don neman a maido masa.

Rashin ganin takardar a akwatin wasiƙa ba uzuri ba ne, domin jihohi da yawa sun daina aikawa ta gidan waya. Hukumar harajin jihar Niyu Yok, alal misali, a shafinta na intanet ake duba takardar. Wannan ya fi shafar waɗanda suka sauya gida ko suka bar ƙasar. Ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da ya koma Kano ko Yamai ko Kumasi, wajibin cike fom yana nan a kansa idan kuɗin shigarsa sun kai adadin da doka ta sa, sai dai ana ƙara masa wa'adin miƙawa zuwa 15 ga Yuni, kuɗin ruwa kuwa daga 15 ga Afrilu suke fara hawa kan abin da bai biya ba. Masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda Ingilishi ke ba wuya suna iya samun taimakon cike fom kyauta a cibiyoyin shirin VITA, wanda IRS ke horar da masu aikin sa kai dominsa, kuma ana son mai zuwa ya riƙo takardar 1099-G tare da kwafin fom ɗinsa na shekarar da gurbi na 3 ya nuna.